Jawabi Ga 'Yan Suleja Mazauna Kudu Kan Inshorar Lafiya

Duk ɗan Suleja da neman abinci ya kai shi Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya bar tsoho ko tsohuwa a gida, to, wannan magana tasa ce.

Tun 2005 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin inshorar lafiya, amma galibi ma'aikatanta ne suka ci moriyarsa. A 2020 aka fito da shirin GIFSHIP domin irin su 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, sa'an nan dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin GIFSHIP na shekara guda ne tak. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, katin ya zama takarda kawai. Tsohon da hawan jini ya kwantar, iyali na jinyarsa a ɗaki, ran da aka kai shi asibiti sai a ce a biya lakadan, alhali ɗansa na can Agege bai ma sani ba.

Saboda haka mai aike gida ya rubuta ranar, ya ware kuɗin tun da sauran wata biyu, ya kuma wakilta wani ƙane a Suleja ya riƙe rasit.