Wane Littafin Tarihi Za Mu Ba Yaranmu a Gida?



Tun sace 'yan matan makarantar Jangebe a 2021, wasu cikinmu, daga Dareta har Gummi da Bukkuyum, suka koma koya wa ƙananan yara a gida. Yanzu ana tambayarmu wane littafi ya dace a kan tarihin shekarun 500 zuwa 1500. Ga ma'auni uku.

Na fari, kada ya nuna wa yaro cewa bangaskiyarmu kayan Bature ce. Masarautar Makuriya ta Nubiya, a Sudan ta yau, ta bi Almasihu daga ƙarni na 6 har na 14. A Lalibela ta Habasha kuma, an sassaƙa majami'u 11 cikin dutse wajen shekara ta 1200.

Na biyu, ya faɗi gaskiya. Jinin da mayaƙan Turai suka zubar a Urushalima a 1099 ba abin fahariya ba ne. Ya kuma faɗi yarjejeniyar da Kiristocin Dongola suka ƙulla da Musulmin Masar a 652, wadda ta kai kusan shekara 600. Yaranmu da 'ya'yan maƙwabta rijiya ɗaya suke sha.

Na uku, kada ya manta ƙasar Hausa, kamar zuwan Wangarawa Kano zamanin Sarki Yaji.

Kafin mu saya, mu kai wa dattawan ikkilisiya su duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.