Majalisarmu Da Maganar Hawan Jini



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, masu gidajen baƙi, shugaban ƙungiya da sauran 'yan'uwa, barkanmu da wannan zama. An ce in yi magana a kan majalisun hira da muke yi a unguwa. To, zan yi, amma a yi mini haƙuri, zan karkata da ita wajen da ya dame ni.

Tun da aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo a nan Ibadan cikin 1916, zama tare da hira su ne suka riƙe mu. Baƙo ya sauko daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a majalisa zai ji yadda goro ya kwana, a nan zai san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Yau ma haka ne. A idar da Isha'i, a shimfiɗa tabarma ko a jawo benci gaban mai shayi, 'yan canji na maganar dala, samari na gardamar ƙwallon Ingila, dattawa biyu sun duƙufa kan dara ba sa ko amsa sallama. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Mutumin da ya baro danginsa tafiyar yini cur a mota, in ba shi da inda zai yi dariya, zuciyarsa ce za ta yi ciwo.

Amma akwai hirar da ba ma yi, sai a wajen zaman makoki. A nan ne za ka ji an ce, "Wallahi jiya muna tare, lafiyarsa ƙalau, yana alwala ya yanke jiki ya faɗi." Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa aka yi masa saboda kasuwa. Kwana ya ƙare, wannan gaskiya ne, ba mai ja. Sai dai sau da yawa sababin yana da suna, sunansa hawan jini, kuma ya yi shekaru a jikin mutum ba wanda ya auna.

Ku duba yadda abin yake taɓa mu, mu 'yan kasuwa musamman. Cinikinmu a kan amana yake tafiya. Mai gida yana riƙe da kuɗin baƙi biyar ko goma. Dillali ya san mahaucin da ya ɗauki shanu bashi da ranar da zai biya. Duk wannan lissafi a ina yake? A ka yake. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, harshe ya karye, mutum yana kallonka yana son ya gaya maka wa ke binsa, wa yake bi, amma bakin ya ƙi. Iyali su rasa mai ciyar da su, baƙi su rasa dukiyarsu, abokan shekara talatin su koma ƙarar juna gaban Sarki. Kun ga ashe jinin mutum ɗaya ba nasa ne shi kaɗai ba.

Abin da ya sa ciwon nan ke da mugunta, ba ya yin sallama. Mutane suna jira sai sun ji ciwon kai ko jiri, alhali da yawan masu shi ba sa jin komai. Awo ne kawai ke nuna shi. Na'urar tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 a kan 80 shi ne daidai. In ana samun 140 a kan 90 ko fiye, a ranaku dabam-dabam, to hawan jini ne, sai a ga likita. In kuwa ta kai 180 a kan 120, wannan ba maganar gobe ba ce. Kuma awon yana da ladabinsa: ka zauna ka huta minti biyar, kada ka ci goro ko ka sha shayi ko taba rabin awa kafin nan, ka ɗora hannu a kan tebur, ka yi shiru.

Na ambaci goro, na ga wasu sun gyara zama. Ku kwantar da hankalinku, da shi na yi gida, ba zan ce a bar shi ba. Amma yana ɗauke da sinadarin nan da ke cikin kofi, mai hana barci, mai ɗaga jini na ɗan lokaci. Wanda ke ɓantara tun hantsi har sha biyun dare, ya rage. Babban abokin gaba dai gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. To a lissafa: gishirin miya, dunƙulen magi uku ko huɗu, kanwa, sannan da dare a zo ga tsire a ce wa mai nama ya ƙara yaji, yajin nan kuwa cike yake da gishiri da magi. Ga shayi mai kauri, sukari cokali huɗu. Mu kuma muna zaune a rumfa daga safe har magariba, in za mu Mokola ma sai mun hau mashin.

Sai maganin ciwon jiki. Kowa ya gaji sai ya aiki yaro kemis a kawo masa diclofenac ko ibuprofen, wasu kullum. Irin waɗannan in an daɗe a kansu suna ɗaga jini, suna cin ƙoda. Wanda ƙodarsa ta tsaya, wankin ƙoda ake yi masa sau biyu ko uku a kowane mako, jari komai kaurinsa ba ya jure wannan. Shi kuma wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ce ya ji sauƙi ya ajiye. Sauƙin nan aikin maganin ne. Ba malamin da na sani da zai hana ka haɗa addu'a da ƙwayar asibiti.

In Allah ya kawo tsautsayi kuka ga bakin mutum ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, don Allah kada a tsaya ɗura masa ruwa ko man ja, zai iya shaƙewa. Kada a ce sai an bugo waya gida an ji shawarar yayansa. A sa shi a mota nan take. Asibitin UCH ga shi nan kusa da mu, tun 1957 yake aiki, kuma awowin farko su ne likita ke iya ceton abin da za a ceta.

Ga roƙona ga ƙungiya. A cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awo guda uku, irin mai batir da ake ɗaurawa a damtse. Biyu su riƙa zagaya majalisu ran Juma'a da dare, ɗaya a ba mata, domin iyayenmu da matanmu da ke cikin gida su ne ba a tunawa da su, ga mai ciki kuwa hawan jini yana kawo jijjiga. Muna da 'ya'yan da suka karanta aikin jinya, su koya wa mutum biyu a kowace majalisa. A sami littafi, kowa da shafinsa. Masu son tattaki kuma, filin wasa na Adamasingba yana bakin ƙofarmu, a haɗu bayan Asuba a zagaya shi rabin awa, kwana biyar a mako, a yi gardamar ƙwallon a tafe.

Malam Sakatare, in an amince, a fara rubuta suna tun yau, a sa nawa a farko.