Furen da ke buɗewa cikin ƙasa

 

Hirarmu ta yau a kan wani tsiro ce, da yadda aka gane danginsa. Abin ya faru nesa da mu, a ƙasar Ostiraliya, amma manomi ne kamar ku ya fara ganin shi.

A watan Mayu na shekara ta 1928, wani manomi mai suna Jack Trott yana gyaran sabuwar gona kusa da garin Corrigin. Sai ya ga ƙasa ta tsage a wani wuri, ƙamshi yana fitowa. Ya duƙa ya tona. Ya tarar da wani abu fari-fari, bai kai tafin hannun yaro ba, cike da ƙananan furanni. Ba ganye, ba kore ko kaɗan. Wani da ya shure shi ya ci gaba da aikinsa. Shi kuwa ya ɗauke shi, aka kai wa Charles Gardner, masanin tsirrai da ke aikin gwamnati a birnin Perth. Gardner ya aika da shi wurin likita Richard Rogers a birnin Adelaide, don shi ne gwanin wani dangin fure da ake kira orkide.

Orkide dangi ne babba, irinsa ya fi dubu 25 a duniya. Wasu suna tsira a ƙasa, wasu bisa reshen itace. To, ta yaya Rogers ya san wannan baƙon ɗan dangin ne, tun da ba shi da ganye? Ta fure ya gane. Ganye yana ruɗin mutum, domin ruwa da inuwa suna sauya shi. Ginin fure kuwa gadon dangi ne. Masani yakan sa fure ɗaya ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma, ya ƙirga. Furen orkide yana da ɓangare 6, uku waje, uku ciki. Ɗaya daga na ciki ya sha bamban da sauran, kamar leɓe yake. A tsakiya, ɓangaren namiji da na mace sun haɗe, sun zama ɗan sanda guda. In an ga wannan, an san dangi.

Saura aiki mai wuya, shi ne gwadawa. Masana suna da ɗakunan ajiya inda ake adana busassun tsirrai manne a takarda, kowane da sunansa da inda aka samo shi. Sai a ɗauki baƙon, a gwada shi da na ajiya da na cikin littattafai. Wannan bai dace da kowa ba. A cikin shekarar Rogers ya raɗa masa suna Rhizanthella gardneri. Kalmar farko tana nufin furen saiwa, ta biyu kuma sunan Gardner ne. Sunan manomin bai shiga ba, kuma a ganinmu ya cancanta.

Kun san gyaɗa tana fure a sama, ta yi ƴaƴa a ƙasa. Wannan har furensa ɓoye yake, ƙarƙashin ƙasa da busassun ganyaye. Me yake ci? Ku tuna da ƙuduji, yadda yake shan saiwar gero. Shi ma kusan haka ne, sai dai yana da ɗan aike. Zaren wata funfuna ta cikin ƙasa ne ke haɗa shi da saiwar wani ƙaramin itace, ya ɗauko masa abinci. In aka sare itacen, furen ya mutu. An kuwa sare daji mai yawa a wannan yanki don noman alkama, shi ya sa kaɗan ƙwarai ya rage.

A 1979 wani manomi ya sake tono irinsa can kudu, kusa da Munglinup. Shekaru da yawa ana cewa iri ɗaya ne da na Trott. Sai a 2018, da masana suka sake gwada na kudu da na arewa, suka ce iri biyu ne, na kudu ya samu sunansa dabam. Da ba a ajiye na farko da bayaninsa ba, da me za a gwada?

Nan karatunku ya shigo. In kun ga baƙon tsiro a gona ko a fadama, kada ku tumɓuke shi duka. In guda ɗaya ne tak, ku bar shi, ku kira malamin gona ko ma'aikacin gandun daji ya zo ya gani. In yana da yawa, ku cire ɗaya mai fure, ku shimfiɗa shi tsakanin takardu, ku ɗora dutse. Ku riƙa sauya takardun har ya bushe. Sa'an nan ku rubuta rana da wata da shekara, sunan gari, jigawa ce ko laka, itacen da ke kusa, da sunan da tsofaffi ke kiran sa. Ku rubuta launin furen da ƙamshinsa tun yana ɗanye, domin in ya bushe duka biyu sukan gushe.