Waken kaka da waken bazara

Yau da ke muke, uwargida mai noman wake a gayauna.

Kin san yadda ake yi. Kaka ta yi, wake ya cika kasuwa, ga bashi ga hidimar yara, sai ki auna wa ɗan kasuwa tiya-tiya da arha, ya loda mota sai Dawanau a Kano. Bazara na yi, ki koma ki sayi iri da tsada. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata, amma ribar tana hannun wanda ya iya jira.

Mace ɗaya ba ta iya jira. Mata talatin kuwa suna iyawa. A Nijar ƙungiyoyi kan tara buhunansu a sito guda, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun ba da rance. A ba ku bashi a kan kayan, ku yi sana'ar rani ku biya, sannan a buɗe sito lokacin da farashi ya tashi.

To, amma ƙwaro fa? Nan ake ɓarna. Don Allah kar ki zuba fiya-fiya a abin da yara za su ci. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Akwai buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka: leda biyu a ciki, buhu a waje. Ki bar wake ya bushe sarai, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro zai mutu don rashin iska. Ledar da ta huje kuwa ta tashi aiki.

Ba kullum jira ke biya ba. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, kuma in naira ta faɗi a gaban sefa, masu saye daga kudu kan ja baya. Shi ya sa nake ganin sarrafawa ta fi kwanciyar hankali. Matan Dogon Dutsi sun daɗe suna yin beruwa da garin wake, su busar, su kai kasuwa. Garin ƙosai da na ɗanwake ma ba sa jiran a buɗe iyaka, maƙwabciyarki ce mai saye. Sai dai kafin ku yanka farashi, ku sa kuɗin niƙa, na leda da na mota a lissafi, har da ladan wadda ta yini tana surfe.