Kuɗin Kasuwa da Albashin Malami



Wani zai ce, ina ruwan malami da harajin kasuwa? Amsar tana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da kwata, tare da kula da su, ya kuma sa ta cikin ɗaukar nauyin ilimin firamare. Ke nan asusun da kuɗin rumfa yake shiga, shi ne wanda albashinmu ya dogara a kansa.

Dattawan cikinmu ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka miƙa makarantun firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk wadda ba ta da kuɗin shiga na kanta, ranar da kason Abuja ya ragu, malami ne zai fara ji a jikinsa.

Dubi karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dukiya tana juyawa, haka ma a ƙananan kasuwanninmu na mako-mako. Matsalar ita ce ɗigar da ke tsakanin ƙofar kasuwa da ofishin ma'aji.

Abubuwa huɗu nake roƙon reshenmu ya nema. Na ɗaya, a yi rajistar kowace rumfa da sunan mai ita. Na biyu, kada a karɓi ko sisi sai da rasit mai lamba, a kuma zuba kuɗin a banki washegari. Na uku, a liƙa abin da aka tara kowane wata a sakatariya da bakin kasuwa. Na huɗu, a mayar da wani kaso wajen gina magudanar ruwa da banɗaki da rijiya, domin ɗan kasuwar da ya ga aiki ba ya gudun mai tikiti.

A zauna da sarkin kasuwa da sarkin pawa da dillalai kafin a yanka haraji, kada a matsa wa mai tallan ƙosai a ƙyale mai tirela. Mu kuma da muke koyar da lissafi, mu nemi kujera a kwamitin kasuwa.

Allah Ya yi mana jagora.