YARON DA BA SHI DA ADIRESHI, INA ZAI YI BOKO?



Maganata a kan yaranmu ce masu kwana a rumfunan kasuwa da tashoshin mota, daga Agege har Mil 12. Wasu almajirai ne, wasu an rushe wa iyayensu matsuguni, wasu kuwa tirela ce ta sauke su.

A takarda, doka tana bayansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, kuma tilas. Har ta yanka tarar naira 2,000 ga uban da aka ja wa kunne bai kai ɗansa ba. Jihar Legas ma ta yi tata dokar haƙƙin yara a 2007. To amma kama hannun yaron da ke kwana ƙarƙashin teburin tumatir ka kai shi makaranta ka gani. Ina takardar haihuwa? Ina adireshi? Wa ke tsaya masa? Shi ke nan, magana ta mutu. Tarar nan kuwa wa za a ci, uban yana can ƙauye, kwana biyu a mota?

Amurka ma suna da yara marasa gida. Dokarsu ta McKinney-Vento, wadda aka kafa a 1987 aka yi ta gyara, ta ce a ɗauki yaro nan take, takardu su biyo baya. Ko ya sauya wurin kwana yana nan a makarantarsa, a ba shi abin hawa, kuma kowace gundumar ilimi ta ajiye jami'i mai kula da irinsu. Jihar Washington ta ƙara tata a 2016, ta ware kuɗi don makarantu su haɗa kai da masu samar da muhalli. Ni wannan "a ɗauka tukuna" ɗin ne ya kama ni, don bai ci ko kwabo ba.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Shugabanni su rubuta wa Majalisar Dokoki a Alausa, a nemi takardar Sarkin Hausawa ko ta limami ta wadatar a matsayin adireshi. Kafin nan, kowane shugaban layi ya kawo sunayen yaran da ke kwana a layinsa. Malamai kuma ku yi haƙuri, boko da safe ne, allo yana nan da yamma.