Wurin Zama a Teburin Sarki

Karatu: 2 Sama'ila, sura 9

Yau za mu yi magana a kan 'yan'uwanmu masu jinkirin fahimta, waɗanda jikinsu yana girma amma ganewarsu tana tafiya a hankali, da kuma gidajen da ake kai su domin a lura da su.

Da farko, wannan ba hauka ba ne, ba kuwa aikin maita ba. Wani haka aka haife shi. Wani doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsa samun iska. Wani shawara ce ta yi masa tsanani yana jariri, wani sanƙarau ne. A Yohanna sura 9, almajirai sun so su san laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho. Yesu bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba.

Akwai lokacin da iyali sukan kasa. Uwa ta tsufa, uba ya rasu, 'yan'uwa sun tafi birni neman abinci. Kai mutum gidan kulawa ba zunubi ba ne. Abin tambaya shi ne, wane irin gida?

Ku ji abin da ya faru a Ingila. A shekara ta 2011, wani ɗan jaridar BBC ya shiga aiki da ɓoyayyiyar kyamara a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da birnin Bristol, inda aka ajiye masu irin wannan lalura. Ginin na zamani ne, ana kuma biyan wajen fam 3,500 kowane mako a kan mutum ɗaya. Amma sai aka ga ma'aikata suna marin mutanen, suna danne su ƙarƙashin kujera, suna kwara musu ruwan sanyi, suna yi musu ba'a. Tun kafin haka wani ma'aikacin jinya ya kai ƙara wurin hukuma, ba a saurare shi ba. Aka rufe wurin a wannan shekara. A 2012 ma'aikata 11 suka fuskanci hukunci, aka ɗaure 6. Ashe kuɗi da fenti ba su ne ƙauna ba.

Yanzu mu dubi Sarki Dawuda. Mefiboshet ɗan Yonatan ya gurgunce tun yana shekara 5, sa'ad da mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi. Nakasarsa ta ƙafa ce, amma abin da Dawuda ya yi masa ya ba mu ma'auni uku na auna kowane gida.

Na ɗaya, suna. Da aka tambayi Ziba, sai ya ambaci gurguntar mutumin, bai faɗi sunansa ba. Dawuda kuwa da sunansa ya kira shi. In kun je gidan kulawa, ku kasa kunne. Da sunansa ake kiransa, ko kuwa “dolo” da “wawa”? Sun san abincin da yake so da abin da yake tsoro?

Na biyu, tebur. Dawuda bai aika masa da ragowar tuwo a bayan gida ba, tare da 'ya'yan sarki ya riƙa ci. Ku duba inda ɗanku yake ci da inda yake kwana. Ana yi masa wanka? Ana koya masa sa riga, da shara, da ban ruwa a lambu, ko ana ba shi maganin barci ne don ya yi shiru?

Na uku, hakki. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa Saul. Nakasa ba ta soke gādo. A ƙasarmu ma, tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa nakasassu bambanci.

Dole mu dubi namu gida kuma. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista. 'Yan'uwa, mari a ƙafa da bulala da azumin dole ba addu'a ba ne.

Saboda haka, iyaye, ku riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Kada ku tsaya a ofis, ku shiga har ɗakin kwana. Ku duba wuyan hannu da baya. In yaron da yake dariya a dā ya koma firgita, kada ku yi shiru. Gidan da ya hana ku shiga, ku ɗauke ɗanku. Zumuntar mata da dattawan ikilisiya, ku sa waɗannan gidaje cikin jerin ziyararku. Ke da kike aiki a irin wannan gida da aminci, ba mai ganinki, Ubangiji yana gani.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka kira mu da sunanmu, ka ba mu wuri a teburinka. Ka tsare waɗanda ba su iya kai ƙara. Ka ƙarfafa masu lura da su, ka buɗe idanunmu. Cikin sunan Yesu, Amin.